Sauya waya: Biya kaɗan-kaɗan ko kwantiragi, wanne ya fi sauƙi ga aljihu?

Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas cikin shekarun nan, ya san yadda farashi ya yi tashin gwauron zabo tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, sayen sabuwar waya mai ɗan kyau kuɗi hannu ya gagari mutane da dama.

Wannan ne ya sa shagunan waya suka cika da tallan "ɗauki yau, ka biya a hankali". Tsarin bai daɗe da zuwa Najeriya ba, amma a Amurka da Birtaniya an shafe fiye da shekara goma ana muhawara a kansa, ana auna shi da tsohon tsarin kwantiragi. Abin da ya faru a can na ɗauke da darasi ga mai shirin sauya waya a nan.

Yadda tsohon kwantiragi yake

A tsarin kwantiragi, mutum kan sa hannu da kamfanin sadarwa cewa zai zauna a kan layinsu na tsawon shekara biyu, yana biyan wani adadi duk wata na kira da saƙo da data. Shi kuma kamfanin sai ya ba shi waya a farashi mai rahusa sosai.

A shekarar 2012, alal misali, ana sayar da iPhone 5 a Amurka kan dala 199 ga wanda ya shiga kwantiragi, alhali farashinta ga mai saye kai-tsaye dala 649 ne. Ragowar dala 450 ɗin ba kyauta ba ce. Kamfanin na karɓe ta ne a cikin kuɗin wata, wato kusan dala 19 duk wata na tsawon wata 24, ba tare da an rubuta ta daban a takardar biya ba.

Matsalar ta kasu gida biyu. Ta farko, wanda ya so ficewa kafin wa'adi sai ya biya tara: a wancan lokacin AT&T na cajin har dala 325, Verizon kuma har dala 350, ana rage adadin a hankali yayin da watanni ke tafiya. Ta biyu, idan shekara biyun ta cika kuɗin wata ba ya sauka. Wanda ya ci gaba da riƙe tsohuwar wayarsa sai ya zamana yana biyan kuɗin wayar da ya riga ya gama biya. Saboda haka mutane suka saba da karɓar sabuwa duk shekara biyu, ko da ta hannunsu lafiyarta ƙalau, abin da ke sake ɗaure su a wani sabon kwantiragin.

Yadda aka raba waya da layi

A watan Maris na 2013 kamfanin T-Mobile, ƙarƙashin shugabansa na lokacin John Legere, ya yi watsi da kwantiragin shekara biyu. Ya raba lissafin gida biyu: kuɗin layi daban, kuɗin waya daban. Wayar dala 649, idan aka raba ta a kan wata 24, ta kama kusan dala 27 duk wata, kuma da zarar an gama biya wannan ɓangaren ya fita daga lissafi.

Sauran kamfanonin suka bi sahu. Verizon ya daina bai wa sababbin masu hulɗa kwantiragi a watan Agustan 2015, AT&T kuma a watan Janairun 2016. A 2015 ɗin ne Apple ya fito da nasa tsarin, inda ake raba kuɗin iPhone a kan wata 24, kuma bayan biya na wata 12 mutum na iya mayar da ita ya karɓi sabuwa ya fara wani zagayen.

Fa'idar tsarin a fili take: mai saye ya san ainihin farashin wayarsa, ya san ranar da zai gama, kuma yawancin manyan kamfanonin Amurka ba sa ɗora kuɗin ruwa a kai.

Sai dai igiyar da aka kwance ta dawo ta wata hanyar. AT&T da Verizon sun tsawaita wa'adin biya zuwa wata 36, kuma tallan "waya kyauta" da suke yi ya dogara ne a kan rangwamen da ake bayarwa wata-wata. A ɗauka wayar dala 900 ce: duk wata ana cajin dala 25, sannan a yafe dala 25 ɗin muddin mutum na kan layin. Idan ya koma wani kamfanin bayan shekara ɗaya, rangwamen ya tsaya, ragowar dala 600 kuma ta hau kansa. Ba a kira shi tara ba, amma aikinsu ɗaya, kuma wa'adin ya ƙaru daga shekara biyu zuwa uku.

A Birtaniya kwantiragin bai mutu ba

A Birtaniya har yanzu ana sayar da kwantiragin da ya haɗa waya da layi wuri guda, kodayake kamfanin O2 ya fara raba su tun 2013. Maimakon soke tsarin, hukumar kula da sadarwa ta Ofcom ta riƙa toshe ƙofofin cutar da masu saye.

Daga watan Fabrairun 2020 ta wajabta wa kamfanoni sanar da mutum idan kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, tare da nuna masa tsarin da ya fi araha. Daga Disamban 2021 ta haramta sayar da wayar da aka kulle a kan layi ɗaya. Sannan daga Janairun 2025 ta hana a ɗanganta ƙarin farashi a tsakiyar kwantiragi da hauhawar farashin kaya: dole a faɗa wa mai saye tun ranar farko nawa za a ƙara masa, a fam da sulalla.

Kowace ɗaya daga cikin dokokin nan amsa ce ga wata hanya da mutane suka yi ta asarar kuɗi ba su sani ba.

Me ya sa Najeriya ta bambanta?

Tun zuwan wayar salula a 2001, mafi yawan 'yan Najeriya kati suke sakawa kafin su yi kira. Mutum kan sayi wayarsa a kasuwa, ya sayi layi daban, sau da yawa ma layi biyu a waya ɗaya. Kwantiragin wata-wata ya fi zama na ma'aikatu da kamfanoni. Tun 2013 kuma ana iya komawa wani kamfanin da lambar da aka saba.

Don haka zaɓin da ke gaban mai saye a nan shi ne tsakanin kuɗi hannu da bashi. Kuma ba kamfanin sadarwa ne ke bayar da bashin ba a mafi yawan lokuta, kamfanonin lamuni ne irin su Easybuy, da wakilansa ke zama a shagunan waya, da M-KOPA, wanda ya faro a Kenya da sayar da fitilun sola kafin ya shiga harkar waya ya kuma iso Najeriya da Ghana. A Kenya ma Safaricom ya ƙaddamar da irin wannan tsari a 2020 tare da Google, inda a lokacin ake biyan shilin 20 a rana.

A nan ne babban bambancin yake. Kamfanin Amurka na iya haƙura da kuɗin ruwa saboda ribarsa na cikin kuɗin layin da za a yi ta biya duk wata. Kamfanin lamuni ba shi da layin da zai ci riba a kai, don haka ribarsa tana cikin abin da ya ɗora a kan farashin wayar.

Galibi ana fara biyan kafin alƙalami, a gabatar da shaidar zama ɗan ƙasa da lambar BVN, sannan a raba ragowar a kan kwanaki ko makonni ko watanni. Jinginar kuma ita ce wayar kanta: akwai manhajar da ake sanyawa a ciki wadda ke kulle ta daga nesa idan ranar biya ta wuce.

Lissafin da ya kamata a yi a gaban mai shago

Ga misali na ƙiyasi kawai, ba farashin wani kamfani ba. Waya ce ta naira 200,000 kuɗi hannu. An nemi 60,000 a matsayin kafin alƙalami, sai 30,000 duk wata na wata shida. Jimilla ta zama 240,000, wato ƙarin 40,000.

Wani zai ce kashi 20 cikin 100 ne kacal. Amma abin da aka ranta a zahiri 140,000 ne, don haka ƙarin ya kai kusan kashi 29 cikin 100 a wata shida. Idan aka tallata shi da cewa "ƙasa da kashi biyar a wata", sai ya yi daɗin ji, alhali ana lissafa shi ne a kan cikakken bashin tun daga farko har ƙarshe, duk da cewa bashin na raguwa duk wata.

Biyan kullum-kullum ya fi ɓoye nauyinsa. Idan aka ce a ba da 20,000 a fara, sai naira 800 a rana na shekara ɗaya, kuɗin ba su fi na cin abincin rana ba a ido. Amma 800 sau 365 ya kama 292,000, a haɗa da na farko ya zama 312,000 a kan wayar 200,000.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da amfani. Ga mai sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, ko ɗan sahu da fasinjoji ke biyansa ta taransifa, wayar jari ce, kuma jiran wata shida ana tara kuɗi na iya jawo asarar da ta fi ƙarin. A lokacin da farashi ke hawa kuma, wanda ya ƙulla ciniki yau ya tsira daga ƙarin gobe. Sai dai irin waɗannan mutanen ne kulle waya ya fi yi wa illa: ranar da ciniki ya yi ƙasa har aka kasa biya, ranar ce kuma abin neman kuɗin zai daina aiki.

Batun riba

Ga masu saye da dama tambayar ba ta tsaya kan tsada ba. A zamanta na 1990 a Jidda, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa ya halatta farashin kayan da za a biya daga baya ya ɗara na kuɗi hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki. Abin da ta hana shi ne a ƙara wa mai saye wani abu saboda ya yi jinkirin biya.

Saboda haka yana da muhimmanci a gane ko kamfanin ne ya mallaki wayar ya sayar da ita a kan tsayayyen farashi, ko kuwa kuɗi ya ranta da ruwa don a biya mai shago. Haka nan a duba ko akwai tarar jinkiri. Wanda ke da shakku sai ya kai takardar yarjejeniyar ga malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu.

Shin wayar za ta kai ƙarshen bashin?

Akwai abin da ake yawan mantawa: bashi ba ya fashewa idan gilashin waya ya fashe, ba ya ɓacewa idan an sace ta. Sai dai idan yarjejeniyar ta ƙunshi inshora ko gyara, mutum zai ci gaba da biyan kuɗin abin da ba ya hannunsa. Garantin kamfanin da ya ƙera wayar kuma bai cika shafar faɗuwa ko shigar ruwa ba.

Tsawon rayuwar wayar ma abin dubawa ne. Google da Samsung sun yi alƙawarin sabunta manhajar manyan wayoyinsu, irin su Pixel 8 da Galaxy S24, har na shekara bakwai, amma ƙananan wayoyi da dama ba sa samun ko kusa da haka. Bashi mai tsawo a kan wayar da ba za ta daɗe ba kan ƙare da mutum ya gama biya daidai lokacin da yake buƙatar wata.

Masu sayen wayar da aka riga aka yi amfani da ita su ma batun ya shafe su. Wayar da aka shigo da ita daga Amurka alhali mai ita bai gama biya ba na iya kasancewa a kulle a kan layin can. Haka wadda aka ɗauka bashi a gida aka sayar a ɓoye: tana iya aiki a shago, ta kulle bayan kwanaki a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tambayoyi kafin sa hannu

Nawa ne farashin wayar kuɗi hannu a wasu shagunan, kuma nawa ne jimillar abin da za a biya har ƙarshe?

Kwana nawa ake ɗaga ƙafa kafin a kulle ta, kuma akwai tara a kan jinkiri?

Idan an biya ragowar da wuri, ana rage ƙarin ko sai an biya shi duka?

Me zai faru idan an sace wayar ko ta lalace?

Waɗanne bayanai manhajar kamfanin ke iya gani a cikin wayar? Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sha ɗaukar mataki a kan manhajojin lamuni da ke tura wa 'yan'uwa da abokan mai bashi saƙon cin mutunci, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su.

Bayan kammala biya, yaushe za a cire manhajar kullewar, kuma za a ba da shaida a rubuce?

Akwai kuma hanyoyin da ba su da ƙari ko kaɗan: a ba da tsohuwar waya a yi ciko, ko a shiga adashi a jira kwasa, ko a sauya batir idan shi ne kawai ya gaji. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya haɗa jimillar kuɗin a takarda kafin ya karɓi kwalin shi ne ya san girman nasa.