Kwamfutar Aljihu Tsakanin Jalingo da Tsaunin Mambila

Ma'aikacin da ya bar Jalingo da asuba ya nufi Gembu, ya bi ta Garba Chede da Bali da Serti kafin ya soma hawan tsaunin Mambila, sai rana ta karkata yake isa. Wanda kuma aiki ya kai shi Karim Lamido ta hanyar Lau, a bakin kogin Binuwai zai sauka ya jira jirgin fito. Taraba ita ce jiha ta uku a faɗin ƙasa bayan Neja da Borno, ƙananan hukumominta 16 kuwa sun bazu tsakanin fadama da kurmi da duwatsu. A irin wannan ƙasa, duk takardar da gwamnati take son a cike a ƙauye, sai ta yi tafiyar da mai ɗauke da ita ya yi, ta sha ruwan da ya sha, ta kwana inda ya kwana.

Shi ya sa ƙaramar kwamfutar da ake riƙewa a tafin hannu take da wata daraja a Jalingo da ba lallai a gane ta a ofisoshin Abuja ba. A babban birnin tarayya abin sauƙaƙa aiki ce ga mai tebur da lantarki da intanet. A Taraba sau da yawa ita ce teburin, ita ce rajistar, ita ce ɗan aiken.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1984 kamfanin Psion na Ingila ya fitar da wata 'yar na'ura mai ajiye lambobi da sunaye. Apple ya gwada tasa, Newton, a 1993, amma tsada da rashin iya karanta rubutun hannu suka kayar da ita. Wadda ta karɓu ita ce Pilot ta kamfanin Palm a 1996, kuma labarin yadda aka ƙera ta ya cancanci a tsaya a kansa. Jeff Hawkins, wanda ya tsara ta, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi, yana fito da shi kamar mai duba jadawalin aiki, don ya gane abin da mutum zai buƙata da gaske yana tsaye ko yana tafe. Duk abin da bai ga kansa yana nema a jikin katakon ba, sai ya cire shi daga tsarin. Daga nan BlackBerry ta zo ta mamaye hannun ministoci da mataimakansu, iPhone ta biyo baya a 2007, waya ta haɗiye kwamfutar aljihu baki ɗaya. Yau mai PoS da ke zaune ƙarƙashin lema a titin Hammaruwa yana riƙe da abin da ya fi Pilot ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ga yadda aka yi layi a gabansa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa na'urar ta zama reshen banki.

Babban gwajin da aka yi wa irin waɗannan na'urori a aikin gwamnati shi ne na zaɓe. Na'urar karanta katin zaɓe ta 2015 ta bar tarihi tun ranar da ta kasa tantance yatsan shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a Otuoke. Magajiyarta, BVAS, wadda hukumar zaɓe ta INEC ta fara gwadawa a zaɓen cike gurbi na Isoko ta Kudu a jihar Delta a Satumban 2021, ta samu gindin zama a Dokar Zaɓe ta 2022, aka kai ta rumfuna fiye da 176,000 a 2023. Ayyuka biyu take yi, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne zuciyar wannan batu. Na farko, tantance mai zaɓe ta yatsa ko ta fuska. Wannan ba ya buƙatar sabis, domin tun kafin a bar ofis an loda wa kowace na'ura rajistar rumfarta. Na biyu, ɗaukar hoton takardar sakamako a aika zuwa shafin hukumar, wanda shi kam sai da hanyar sadarwa da kuma rumbun da zai karɓa a can.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, aikin farko ya tafi a mafi yawan wurare. Na biyun ne ya cije, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce daga ɓangarenta, kuma har yau ba a daina cece-kuce a kai ba. Wato abin da aka damƙa wa na'urar ita kaɗai ta sauke shi, ko a bayan dutse take. Abin da ya rataya a kan wani can nesa shi ya jawo rigima. Akwai kuma wani abin lura: sai da aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a sake saita na'urorin, zaɓen da ya kawo Agbu Kefas kujerar gwamnan Taraba. Abin da ake sakawa a aljihu ya isa ya motsa kalandar ƙasa da mako guda.

Labarin ƙidaya ya fi wannan ɗaci. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mutanen Taraba sun kai kimanin miliyan 2.3. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta shirya ta 2023 a matsayin ta farko da za a yi ba da takarda ba. An shata yankunan ƙidaya da taswirar tauraron ɗan Adam, an yi ƙidayar gwaji a Yulin 2022, an sayo na'urorin hannu dubban ɗaruruwa, an horar da ma'aikata. Tsarin yana da kyau a kan manufa: na'urar za ta nuna wa malamin ƙidaya iyakar yankinsa, ta rubuta inda yake tsaye lokacin da ya shigar da gida, ta ƙi karɓar amsar da ta ci karo da wata, kamar yarinya 'yar shekara biyar mai 'ya'ya uku. Tsohuwar al'adar zama a gindin bishiya a cike fom na ƙauyen da ba a taka ba za ta yi wuya ke nan. Ga rugagen da ke saman Mambila da ƙauyukan masunta na gaɓar Binuwai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kason aji ko na allurar rigakafi. Sai ga shi a ƙarshen Afrilun 2023, kwanaki kaɗan kafin ranar 3 ga Mayu da aka tsayar, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗage aikin.

Takarda tana iya jira. Kwamfutar hannu ba ta iyawa. Batirin da ke cikinta yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta hakan, kuma wanda ya san Jalingo a watan Maris ya san irin zafin da ake nufi. Manhajar da ke kanta tana tsufa, kamfanin da ya ƙera ta yana daina aiko da gyaran tsaro bayan wasu shekaru. Ita kanta BlackBerry, da duk farin jininta, kamfaninta ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022. Jami'in da ke rubuta takardar sayen kaya a Abuja, idan ya lissafa farashin na'ura bai lissafa shekarunta ba, rabin lissafi ya yi. Haka idan ya manta da abin caji: malamin rigakafi ko na rajista da zai kwana uku a Gashaka yana buƙatar batirin ajiya ko faifan hasken rana fiye da yadda yake buƙatar kyamara mai kaifi.

Inda aka yi la'akari da waɗannan, an ga amfani. Manhajar SORMAS, wadda ta samo asali daga darasin cutar Ebola ta 2014, aka gina ta da haɗin gwiwar masana na Nijeriya da na Jamus, an tsara ta ne yadda jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai shigar da bayanin mara lafiya ko babu sabis, ta aika da kanta idan ya shigo inda akwai. Ga jihar da zazzaɓin Lassa ke yawan ziyarta da rani, kwana biyun da aka rage tsakanin asibitin ƙauye da Jalingo da Abuja na iya zama ran wani.

Sai dai abin da ya shiga aljihu yana iya fita daga aljihu. Wayar mataimaki na musamman a yau tana ɗauke da daftarin jawabi, da jadawalin tafiyar maigida, da hotunan takardun da a da sai an sa hannu a littafi kafin a fitar da su daga ofis, yawancinsu kuma ta WhatsApp suka iso. Na'urar ma'aikacin rajista tana ɗauke da sunaye da hotuna da zanen yatsun talakawa. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan duk hukumar da ta tattara su, kuma ba ta ware wanda ya manta na'urarsa a motar haya tsakanin Mutum Biyu da Wukari ba. Kulle ta da lambar sirri, da ɓoye abin da ke cikinta, da tanadin hanyar goge ta daga nesa, ayyuka ne da ake yi a ofis kafin a miƙa ta ga wanda zai hau hanya.