Ƙafa Ta Huta, Jini Ya Hau

Tambayi kowane dattijo a Wurno yadda ake zuwa fadama a da, zai ce maka da ƙafa, fartanya a kafaɗa. Yau ko kasuwa mutum zai leƙa sai ya tsayar da ɗan kabu-kabu. A cikin gida kuma injin ya karɓe wa mata surfe da niƙa. Babu mai son a koma wahala, amma jikin da ya rage zufa bai rage gishiri da sukari ba, kuma ta wannan ƙofar hawan jini da ciwon sukari ke shigowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Manomin da ke ban ruwa a fadamar Rima ko ƙasan madatsar Goronyo ya cika wannan tun kafin hantsi. Maganar ta mai shago ce, da ma'aikacin ofis, da direba, da uwargidan da ba ta fita.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne gaggawa. Likita ya tsorata mutum, ya sayi kambas ya yi gudu kwana uku, gwiwa ta kama shi, ya jingine. Abin da ke ɗorewa shi ne wanda aka ɗaura wa abin da ba a fashinsa. Bayan sallar Asuba, kafin rana ta buɗe, a zaga unguwa da sauri, irin tafiyar da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. A fara da minti goma. A tsaya cikin gari, kowa ya san halin rashin tsaron da hanyoyin daji suke ciki a Rabah da Goronyo. Uwargida kuwa tsakar gida ta ishe ta.

Sai tukunya. Gishirin yini guda kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma ɗanɗanon dunƙule galibinsa gishiri ne. Abin mamaki, Wurno da ke loda wa manyan motoci albasa da tafarnuwa, miyarsa ta dogara da dunƙule. A cire ɗaya wannan mako, a ƙara daddawa da albasa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba, maigida ma ba zai lura ba.

Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa alamarsa ta farko ita ce shanyewar ɓarin jiki, a ce iska ce ta bugi mutum. Awo ba ya cin minti biyar a asibiti ko ɗakin shan magani. Idan ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. Wanda aka ɗora wa magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, kuma jiƙon tafarnuwa ba ya maye gurbin ƙwayar.