Me ya sa wani nama ke taushi, wani kuma ya gagari haƙori?

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi bayan magariba ya san ƙamshin da ke tashi daga tukubar masu tsire. Amma kun taɓa tambayar kanku me ya sa tsokar da aka sayo a kasuwar Tarauni kan yi laushi a hannun wani, ta koma kamar roba a hannun wani? Amsar tana cikin darasin kimiyyar da kuke yi a aji.

Tsoka ruwa ce da furotin, kuma ruwan ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta. Da zafi ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyos, furotin ɗin zai fara sauya kama. Idan ya haura digiri 65 sai ya takure, ya matse ruwan waje kamar yadda ake matse wanki. Ruwa kuwa yana tafasa ne a wajen digiri 100. Shi ya sa tsoka zalla kan bushe ta yi tauri idan aka bar ta tana ta ɓararraka a wuta.

To, ya aka yi ganda da ƙafar saniya ke ƙara laushi idan sun daɗe a tukunya? Su cike suke da wani furotin mai suna kolajin, wanda ke narkewa sannu a hankali ya zama romo mai danƙo. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan: kowane yanki da irin wutarsa.

A Faransa an ɗauki wannan ilimi an mai da shi salon girki da ake kira su-bid, wato dafuwa a cikin ledar da aka zuƙe wa iska. A shekarar 1974 wani kuku mai suna Georges Pralus ya fara amfani da shi a gidan abincin Troisgros da ke garin Roanne a lokacin, wani masani kuma, Bruno Goussault, ya yi aikin tantance zafi da lokacin da kowane abinci ke buƙata. Ana sa yankan nama mai kaurin santimita biyu zuwa uku a leda ta musamman, a nitsa ta cikin ruwan da wata na'ura ke riƙe da zafinsa tsakanin digiri 55 da 60, na tsawon awa ɗaya zuwa uku. Tunda ruwan bai wuce wannan zafi ba, naman ma ba zai wuce shi ba, don haka ruwan jikinsa bai tsiyaye sosai.

Sai dai naman kan fito fari-fari, ba ƙamshi. Dole a ɗora shi a kasko mai zafi ƙwarai, kamar minti ɗaya kowane gefe. Jan da yake yi da ƙamshin da ke tashi, wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana tushensu a 1912. Abin da garwashin mai tsire ke yi ke nan kullum.

A nan sai a yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin cuta na saurin yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, ta kuma ba da shawarar a dafa nama ya kai digiri 70. Masu su-bid suna tsira ne saboda suna auna zafi da lokaci daidai wa daida. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar dafuwa, ruwan ya huce, naman na iya zama sanadin amai da gudawa. Saboda haka kada ku gwada ba tare da ma'aunin zafi da sa idon babba ba, kuma ledar ƙulla kaya ba ta wannan aiki ba ce.

Ko ba na'ura, akwai abin ɗauka. Ku yanka tsoka a kan zarenta, ba bin tsawonsa ba. Ku naɗe ta da ganyen gwanda na ɗan lokaci, domin yana ɗauke da sinadarin fafayin mai sassauta furotin. Ku rage wuta idan tukunya ta tafasa. Nama ya yi tsada, bai kamata a ɓata shi da gaggawa ba. Idan Babbar Sallah ta zo, ku gwada waɗannan a kan naman layya, ku rubuto mana abin da kuka gani.