MANYAN MURYOYI: DAGA DANDALIN LANDAN ZUWA ƘOFAR FADAR TIBIRI

Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya ku masu karatu, yau za mu tattauna a kan murya, wadda ita ce jarin mawaƙi, ko a ƙasar Turai yake ko a bakin Gulbin Maraɗi.

Akwai wani irin kiɗa da ake kira rok. Ya taso a Amurka wajen shekarun 1950, kuma tushensa waƙoƙin baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Kiɗa ne na garaya mai aiki da lantarki da ganguna masu ƙara, saboda haka mai siririyar murya ba ya kai labari a cikinsa. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Janis Joplin, wadda ta rasu a 1970 tana da shekara 27, da Tina Turner wadda ta rasu a 2023, da Robert Plant na ƙungiyar Led Zeppelin, wanda ya zo har Essakane ta ƙasar Mali a 2003 ya yi waƙa tare da Buzaye.

Amma wanda aka fi ambato shi ne Freddie Mercury na ƙungiyar Queen, haifaffen tsibirin Zanzibar a 1946. Ran 13 ga watan Yuli 1985 aka yi babban wasa a filin Wembley na birnin Landan don tara gudummawa ga mutanen Habasha da yunwa ta addaba, a zamanin da mu ma fari ya taɓa mu. Mutum wajen 72.000 suka hallara. Mercury ya ɗaga murya shi kaɗai, ba kiɗa, taron nan kaf ya amsa masa. Turawa sun yi ta mamaki. Mu kuwa mun san sunan wannan abu tun kaka da kakanni: amshi ke nan.

To, a nan ne ya kamata mu waiwayi gida. Mawaƙin rok yana da makirfo da lasifika. Makaɗin fada ba ya da ko ɗaya. Tun da Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Katsinawan da suka zauna Maraɗi, mawaƙin sarki yakan tsaya a fili ran hawan salla, ga tambura, ga kakaki, ga algaita, ga haniniyar dawaki, kuma dole kirarin ya kai kunnen sarki. Haka makaɗin noma a gonakin Jiratawa ranar gayya: in muryarsa ba ta kai ƙarshen kunya ba, manomi ba ya jin zuga. Irin wannan horo ne ya haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo, da Mamman Shata mai kalangu, wanda ya rasu a 1999.

Maraɗi ma ta ba da nata a kiɗan zamani. Sa'adu Bori ya ɗauko salon waƙar bori ya haɗa shi da garayar lantarki. A 1994 aka fitar da faifansu shi da Musa Pusi mai suna Niamey Twice, wanda ya kai muryarsa ƙasashen waje. Ya rasu a 2008 cikin haɗarin mota.

Mene ne sirrin ƙarfin murya? Ba ihu ba ne. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu. In iska ta fito daga huhu sai su yi ta kaɗawa, fiye da sau 100 cikin sakan guda ga namiji, wajen ninkin haka ga mace. Ƙarar da suke yi ƙarama ce. Maƙoshi da baki su ke ƙara mata amo, kamar yadda ƙwarya take yi wa tsirkiyar goge. Gwani yakan ja numfashi har cikin ciki, ya sake shi sannu a hankali, ya buɗe baki sosai. Wanda bai iya ba sai ya matse wuya, kafin a jima murya ta dushe. Taba, da ƙurar hunturu, da ƙarancin shan ruwa duk abokan gāban murya ne. Wanda muryarsa ta dushe har mako uku, ya je ya ga likita. Wannan gargaɗi ya shafi malamin makaranta da mai koyar da yaƙi da jahilci, domin su ma da murya suke cin abinci.

Abu biyu ke gabanmu. Na farko, tun 1997 aka ƙago wata dabarar kwamfuta mai suna Auto-Tune wadda ke daidaita muryar da ta kauce. Ba laifi ba ce, amma matashin da ya dogara da ita kaɗai, ranar da wuta ta ɗauke a gidan biki asirinsa ya tonu. Ya kamata samarinmu su zauna gaban tsofaffin makaɗa su koyi numfashi da amshi. Na biyu, rubutu yana adana kalmomin waƙa, amma ba ya adana murya. Muna jin Mercury a yau, shi da ya rasu tun 1991, domin an ɗauki muryarsa an ajiye. Makaɗa nawa ne na fadojinmu da ƙauyukanmu suka tafi da tasu kabari?

Saboda haka muna kira ga hukumomin al'adu, da gidajen rediyo, da sarakunanmu, su himmatu wajen ɗaukar muryoyin tsofaffin da suka rage a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. Kai ma da ka fito daga ajin yaƙi da jahilci kana da naka aikin: ɗauki waƙar makaɗin garinku a wayarka da izninsa, ka rubuta sunansa da garinsa da ranar da ka ɗauka. Da haka jikokinmu za su ji da kunnensu abin da kakanninsu suka iya. Allah ya taimake mu.