Cilostazol: Maganin Da Ke Buɗa Wa Jini Hanya Zuwa Ƙafa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar ƙafa za mu yi. Akwai wani ciwo da ke kama manya, musamman masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe suna shan taba. Mutum zai kama hanyar masallaci lafiya lau, kafin ya kai sai sharaɓarsa ta ɗaure kamar an tamke ta da igiya. Ya tsaya minti biyu ko uku, ciwon ya sake shi. Ya ci gaba da tafiya, ciwon ya dawo. Jamusawa ma suna kiransa ciwon leƙen shago, don mai shi yakan tsaya gaban shaguna kamar yana kallon kaya, alhali jira yake ƙafa ta lafa. Mu kuma a gida sai a ce tsufa ne, ko sanyi ne, a kawo man zafi.

To, sau da yawa ba sanyi ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne kitse ya taru a bangonsu, hanya ta tsuke. In kana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi naman ƙafar. Da ka fara tafiya sai buƙata ta ƙaru, jini bai kai ba, shi ne wannan ɗaurewar. A asibiti ana auna hawan jinin idon sawu a raba da na hannu. In lissafin ya sauka ƙasa da 0.9, akwai toshewa.

Nan ne cilostazol yake shigowa. Kamfanin Otsuka na Japan ne ya ƙirƙiro shi, aka fara amfani da shi can a 1988, Amurka ta amince da shi a 1999 da sunan Pletal. Aiki biyu yake yi. Yana sa naman da ke zagaye da jijiya ya saki jiki, sai jijiyar ta ƙara faɗi. Sannan yana hana ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa manne wa juna. Yawanci miligiram 100 ake sha sau biyu a rana, rabin awa kafin abinci ko awa biyu bayansa.

Amma ku saurara da kyau, don nan ne mutane ke ruɗewa. Maganin nan ba ya wanke kitsen da ya toshe hanya. Abin da yake yi shi ne ya ƙara maka nisan da za ka iya takawa kafin ciwo ya tsayar da kai. Kuma ba ya aiki yau-yau, yana iya ɗaukar har mako 12. In wata uku ya cika babu canji, likita zai ce a dakatar. Shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a fara da shi, sai an gwada barin taba da atisayen tafiya tukuna. Atisayen kuwa shi ne ka yi tafiya har ciwon ya zo, ka huta, ka sake tashi, na minti 30 zuwa 45, sau uku a mako. Ni a ganina wannan ya fi ƙwayar wuya, shi ya sa kowa ya fi son a ba shi ƙwayar.

Sai babban gargaɗi. Duk wanda zuciyarsa ta raunana, irin masu kumburin ƙafa da haki in sun kwanta, bai kamata ya sha shi ba sam. Dalili? Wani ɗan'uwansa mai suna milrinone, da aka gwada shi a kan irin waɗannan marasa lafiya, ya ƙara yawan mace-mace maimakon ya rage. Don haka kar ka ji shirin nan ka ruga kemis ka sayo wa Baba. Ko a wajen waɗanda ya dace da su, yana kawo ciwon kai, gudawa, jiri da bugun zuciya da sauri. Mai shan omeprazole na olsa ko erythromycin, akan rage masa zuwa miligiram 50, don suna sa maganin ya taru a jini. Mai shan aspirin ko wani maganin tsinka jini shi ma dole likita ya sani.

In kuma ciwon ya fara zuwa ko mutum yana kwance da dare, ko yatsa ya yi baƙi, ko gyambo ya ƙi warkewa, an wuce matakin cilostazol. Wannan asibiti ake zuwa ranar, domin daga nan ne ake fara maganar yanke ƙafa.