Yadda Sarkin Rum Ya Kori Mawaƙin Soyayya

A ƙarshen shekara ta 8 miladiyya, wani dattijo ɗan shekara 50 yana tsibirin Elba, kusa da gaɓar Italiya, tare da wani abokinsa ɗan manyan gida, sai labari ya iske shi cewa Sarkin Rum ya yi fushi da shi. Sunansa Publius Ovidius Naso, amma duniya ta fi saninsa da Obid, kuma a lokacin babu mawaƙin da ya kama ƙafarsa a suna cikin masu rai a faɗin daular. Ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba, ba a kai maganarsa majalisar dattawa ba. Sarki Agustas, wanda watan Agusta ya ci sunansa, kuma a zamaninsa aka haifi Annabi Isa (AS), shi kaɗai ya yanke: Obid ya tattara ya bar birnin Rum, ya tafi Tomis, wani ɗan gari a bakin Bahar Aswad, can ƙurewar daula. An bar masa dukiyarsa, an bar masa matsayinsa na ɗan ƙasa. Gari kawai aka hana shi.

An haife shi ran 20 ga Maris, shekara 43 kafin miladiyya, a Sulmo, garin duwatsu da ƙoramu masu sanyi, mil 90 daga Rum bisa lissafin Rumawa. Gidansu gidan rufin asiri ne mai asali. Uban ya tura shi birni shi da wansa, wanda ya girme shi da shekara guda cif, su koyi iya magana da shari'a, don ta nan ake hawa kujera a Rum. Wan ya karɓi karatun hannu bibbiyu, sai dai ya rasu yana ɗan shekara 20. Shi kuwa ƙanin, ko rubutun zube ya zauna yi, sai abin ya zame ya koma baiti. Uban ya yi faɗan har ya gaji, yana nuna masa cewa waƙa ba ta taɓa cika wa kowa rumbu ba. Obid ya ɗan taɓa ƙananan muƙamai na shari'a don a zauna lafiya, ya zaga Atina da Asiya Ƙarama da Sisili, sannan ya ajiye aikin hukuma gaba ɗaya ya rungumi alƙalami.

Akwai wani labarinsa da marubuci Seneca Babba ya ajiye mana, wanda ya san shi tun yana ɗalibi. Wata rana abokansa suka ce akwai baiti 3 a cikin waƙoƙinsa da suka cika wasa, ya yarje musu su cire. Ya ce ya yarda, da sharaɗin shi ma zai ware baiti 3 da ba mai taɓa su. Kowane ɓangare ya koma gefe ya rubuta nasa a asirce. Da aka buɗe allunan, sai ga baitocin nan iri ɗaya, babu bambancin ko harafi. Wato ya san inda yake wuce gona da iri sarai, so ne yake yi. Wanda ya riƙe wannan labari ya gane rabin abin da zai faru da shi.

Waƙar soyayya a Latin ba shi ya fara ta ba. Katulus ya riga shi, haka Gallus da Tibullus da Propertius, kuma salon ya riga ya zauna: saurayi a ƙofar da aka garƙame, yana roƙon mai gadi, yana kuka da ƙofar kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wani lungun Gyaɗi-Gyaɗi a Kano bayan Isha'i, ya aika yaro ya ce ana sallama da wance, yaron ya dawo ya ce wai ta yi barci alhali ga muryarta ana ji daga tsakar gida, ya san irin tsayuwar. Magabatan Obid da gaske suke kukan. Shi kuwa yana kukan yana ƙyafta wa mai sauraro ido. Diwaninsa na farko, Amores, a kan wata mace yake da ya kira Korinna, wadda tun yana raye mutanen Rum suke ta cacar ko wace ce. Ya fara fitar da shi juzu'i 5, daga baya ya tace ya mai da shi 3. Sai ya zo da abin da ya fi ba ni sha'awa cikin ayyukansa, Heroides: wasiƙu cikin waƙa da ya sa a bakin matan tatsuniyoyin Girka da Rum, irin su Penelope da ta shekara 20 tana jiran miji, da Dido sarauniyar Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wadda baƙon da ta saukar ya sulale ya bar ta. Mazan da ake yi wa kirari a manyan waƙoƙin yaƙi, a nan matansu ne ke ba da labarinsu, kuma ba su fito da kyan gani ba. Har waƙar kwalliya ya yi wa mata, mai bayanin yadda ake haɗa sha'ir da ƙwai da zuma a shafa a fuska. Kusan layi 100 ne suka rage mana daga cikinta.

Daga nan ne ya taro aradu da ka. Wajen shekara ta 1 kafin miladiyya ya fitar da Ars Amatoria, littafin koyar da neman mata, a cikin rigar littafin darasi. Juzu'i 2 na maza ne, na 3 na mata. Ya faɗi inda ake haɗuwa, wato gidan wasan kwaikwayo da filin tseren dawaki. Ya ce a fara sayen zuciyar baiwar gida kafin uwargijiyarta. Ya koyar da yadda ake rubuta wasiƙa a kan allon kaki, da yadda ake yi wa mai gadi wayo. Ba zan wanke littafin ba. Akwai wuraren da ya zarce raha ya shiga fitsara, har da inda ya sassauta maganar tilasta wa mace, kuma babu uban da zai so ya tsince shi a ƙarƙashin matashin 'yarsa.

Matsalar ita ce Agustas ya riga ya ɗaura ɗamarar gyaran tarbiyya. Tun shekara ta 18 kafin miladiyya ya kafa dokokin aure: zina ta zama laifin da hukuma ke bi, a kai mace wani tsibiri, a kai namiji wani, a ƙwace wani kaso na dukiyarsu, mijin da ya kama matarsa ya ƙi sakinta, shi ma a tuhume shi da kawalci, gwauro kuma a tauye masa gado. Sai ga shi dokar ta fara cin gidan mai ita. A shekara ta 2 kafin miladiyya Agustas ya kori 'yarsa tilo, Juliya, zuwa tsibirin Pandateria kan zargin zina. A shekara ta 8 miladiyya ya kori jikarsa, ita ma Juliya, kan irin wannan zargi. Shekarar da aka kori Obid ke nan.

Obid da kansa ya ce abu biyu suka kayar da shi, waƙa da wani kuskure. Waƙar kowa ya san ta. Kuskuren kuwa ya ƙi faɗa har ya koma ga Mahaliccinsa, iyakarsa dai ya ce bai zub da jini ba, bai ƙulla tawaye ba, idonsa ne ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Masana sun shafe ƙarnoni suna hasashe, har a 1964 wani mai suna John Thibault ya cika littafi guda da jerin hasashen kawai. Ni dai abin da nake dubawa shi ne lissafin shekaru. Littafin da ya yi kusan shekara 8 yana yawo a hannun jama'a, sarki yana gani bai ce uffan ba, ba zai tashi rana tsaka ya zama laifin kora ba. Biri ya yi kama da mutum. An sami abin da ba a son a faɗa a fada, sai aka ɗauko littafin da za a iya nunawa a kasuwa, aka kuma kwashe shi daga ɗakunan karatu na hukuma.

Daren tafiyarsa, gidan ya koma kamar gidan makoki. 'Yarsa tana can Afirka ta Arewa da mijinta, ba ta ma ji ba. Matarsa ta uku ta ce sai ta bi shi, aka lallashe ta ta zauna ta tsare dukiya, ta riƙa kai gwauro tana kai mari wajen manya ko a sami afuwa. Ba su sake ganin juna ba. Cikin ɓacin rai ya jefa babban aikinsa a wuta, Metamorphoses, juzu'i 15, layi kusan 12,000, labarai kimanin 250 na halittun da suka rikiɗa, tun daga farkon duniya har zuwa Juliyas Kaisar. Allah ya sa abokai sun riga sun kwafa. Wani aikin, Fasti, na bukukuwan watannin shekara, a wata na 6 ya tsaya, bai ƙarasa ba. A watan Disamba ya hau jirgin ruwa, lokacin da matuƙan kirki ke ɗaure jiragensu saboda guguwa.

Tomis tsohon sansanin 'yan kasuwar Girka ne, kewaye da ƙabilun Getae da Sarmatiya. Daga can ya riƙa aiko waƙoƙi gida, juzu'i 5 na Tristia da 4 na Epistulae ex Ponto, kuma da su muka san zamansa. Ya ba da labarin kogin Danube yana daskarewa har mahara su tsallako a kan dawakai, kibau masu dafi suna caccake rufin gidaje, shi da furfurarsa yana ɗora kwalkwali idan mai gadin ganuwa ya buga ƙararrawa. Wataƙila ya ƙara gishiri. Garin yau sunansa Constanța, a Romaniya, kuma mutane har kuɗi suke biya su je shan iska a bakin tekunsa. A 1985 ma wani masani ya fito ya ce korar gaba ɗaya ƙirƙira ce, amma bai sami mabiya da yawa ba.

Kukan da na fi gaskatawa ba na sanyi ba ne. A Rum waƙa karanta ta ake yi a gaban jama'a, a yi dariya inda ya dace, a gyara maka inda ka karkace. A Tomis babu wanda zai karanta wa. Mutumin da birni guda ke haddace baitocinsa ya koma yana ciniki da nuni da hannu, ana yi masa dariya idan ya buɗe baki, har ya fara tsoron Latin ɗinsa na zubewa. Masu mulki sun daɗe da sanin wannan magani. Turawa da suka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda shi ma mawaƙi ne na ji da faɗa, Lakwaja suka kai shi, can ya rasu a 1924. Can kuma Sarkin Kano Alu ya ƙare kwanakinsa a 1926. Ba a taɓa lafiyar jikinka, sai a ɗauke ka daga cikin masu jin maganarka.

Hujjojin da Obid ya kare kansa da su kuwa, duk wanda ya zauna a Kano a 2007 zai ji kamar ya san su. A wata doguwar waƙa da ya aika wa Agustas ya ce littafin ba don matan aure ya yi shi ba, ya ce alƙalaminsa ne mai wasa amma rayuwarsa tsaf take, ya jero mawaƙan da suka yi waƙar soyayya ba a taɓa su ba, ya ce mai neman ɓaci ko a wurin ibada zai samo shi. A 2007 ɗin, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista, wasu 'yan fim na Titin Gidan Zoo, nan maƙwabtanmu, suka tattara suka koma Kaduna. Marubutan suna cewa faɗakarwa muke yi, hukuma tana cewa tarbiyya muke karewa, kowa da guntuwar gaskiyarsa. Littattafan dai ba su daina zagawa a gidajen Tarauni ba, yanzu ma a waya ake karanta su. Na Obid ma an sha ƙona su: a Florence a 1497, sannan a Landan a 1599 aka cinna wa fassarar Amores ta Christopher Marlowe wuta bisa umarnin manyan limaman coci.

Kada a ɗauka jarumi ne. Shekara 9 ya yi yana lallashi, yana kambama Agustas har da kai shi matsayin abin bauta, yana roƙon ko ba Rum ba a matso da shi wani gari mai dama-dama. Wani lokacin har matarsa yake yi wa gori wai ba ta matsa ƙaimi. Wasiƙun suna da gundura, shi ma ya amsa haka. Amma a hankali ya koyi harshen Getae, har ya ce ya tsara waƙa da shi ya karanta musu, ko da yake ita ma yabon gidan sarauta ce. Mutanen Tomis suka ɗauke masa haraji, suka karrama shi. Agustas ya mutu ran 19 ga Agusta, shekara ta 14, bai yafe ba. Magajinsa Tiberius ko kallon takardun bai nuna ya yi ba. Obid ya rasu a Tomis tsakanin shekara ta 17 da ta 18, aka binne shi can.

Littattafansa suka ci gaba da tafiya ba shi. Sufayen Kirista sun yi ta kwafar su da hannu a tsakiyar zamani, Dante ya sa shi cikin manyan mawaƙan da ya girmama, Shakespeare ya ɗebi labarai daga Metamorphoses ya zuba a wasanninsa. A watan Disamba 2017, cikar shekara 2,000 da rasuwarsa, majalisar birnin Rum ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, ba wanda ya ƙi, ta soke umarnin Agustas, shekara 2,009 bayan bayar da shi. Sai dai mutanen Constanța sun riga su nisa. Tun 1887 suka kafa mutum-mutuminsa a dandalin tsakiyar gari, wanda Sulmona, wato Sulmo garin haihuwarsa, sai a 1925 ta samo kwafinsa. Jami'ar garin sunansa take amsawa, kuma har gobe iyaye a Romaniya suna raɗa wa 'ya'yansu maza suna Ovidiu.