AMOSANIN IDO: CIWON YARA MAI MAKANTAR DA MANYA

Ya ku iyaye mata, ku karanta wannan, ku gaya wa waɗanda ba su zo asibiti ba.

Akwai wani ciwo da ake kira amosanin ido. Likitoci suna ce masa tarakoma. Yana kama yaro tun yana ƙarami, amma ɓarnarsa ba ta bayyana sai an girma. Tsohuwar da kuke gani gashin idonta ya juya ciki yana sukarta, sau da yawa tun tana yarinya ciwon ya soma.

YADDA AKE KAMUWA

Wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani take kawo shi. Tana zaune cikin kwantsa da majinar mai ciwon. Hanyoyinta uku ne: hannu, da tsumma ko bakin zane, da ƙuda. In uwa ta share wa wannan yaro ido da bakin zanenta, sa'an nan ta share wa wancan, to ta raba musu ciwon ke nan. Ƙudan da ke damun idon yara kuwa, a kashin mutum da aka bari a fili yake hayayyafa.

Yara 'yan shekara 1 zuwa 9 su suka fi kamuwa. Mata kuma sun fi maza makancewa da shi, domin su ne kullum tare da yara.

ALAMOMINSA

Ido ya yi ja, yana ƙaiƙayi, yana hawaye da kwantsa, yaro yana gudun haske. Wani yaron ma ba ya nuna kome. Sai malamar asibiti ta juya fatar ido ta sama za ta ga 'yan ƙuraje farare a ciki.

YADDA YAKE MAKANTARWA

Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Maimaici ne ke ɓarna. Duk lokacin da ciwon ya dawo sai ya bar tabo a cikin fatar ido. Yau da gobe tabon ya tattare, ya jawo bakin fatar ido ciki. Daga nan duk ƙiftawa gashin ido yana kartar baƙin ido, har hakiya ta rufe shi. In hakiya ta rufe, maganin amosani ba ya mayar da gani. Shi ya sa muke cewa a zo da wuri.

MAGANI

Akwai man ido mai suna tetarasaikilin. Ana sa shi safe da dare har sati 6. Kada a daina don an ga ido ya washe. Akwai kuma na sha, azitromaisin, wanda ake sha sau ɗaya. In ma'aikatan lafiya sun zo rabonsa a unguwarku, kowa ya karɓa, har wanda idonsa lafiya lau. Jaririn da bai kai wata 6 ba, man ido ake ba shi.

IN GASHI YA RIGA YA JUYA

Tsige gashi da hantsaki sauƙin 'yan kwanaki ne kawai. Zai sake tsirowa, wanda ya karye kuwa ya fi kaifi. Maganinsa ɗan ƙaramin aiki ne a fatar ido, ba a taɓa ƙwayar idon. Ana yin allura a kashe zafin wurin, a mayar da bakin fatar waje, a ɗinke. Ba a kwana asibiti. Kashegari a cire bandeji, bayan sati 1 ko 2 a koma a duba ɗinki. Ku kawo kaka, ku kawo inna, kada tsoro ya hana su.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. A wanke wa yaro fuska da ruwa mai tsabta da sabulu kowace rana. Ruwa kaɗan ya isa.
2. A share majina nan da nan, uwa ta wanke hannunta.
3. Kowane yaro da tsummansa. Kada a haɗa tsinken kwalli.
4. A yi masai mai murfi. Kashin yara ma a zuba shi ciki.
5. A share tsakar gida, a nisanta turken dabbobi da wurin kwana.
6. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko fitsari a ido.

BA KOWANE CIWON IDO NE AMOSANI BA

Jariri mai yawan hawaye a ido ɗaya, alhali idon bai yi ja ba, galibi hanyar hawaye ce ta toshe, watau wadda ta bi daga lungun ido zuwa hanci. Yawanci takan buɗe da kanta kafin ya shekara. Duk da haka a kawo shi a duba.

Amma waɗannan biyu ba a kwana da su a gida. Na ɗaya, jaririn da bai kai wata 1 ba, fatar idonsa ta kumbura tana fid da mugunya. Na biyu, yaro mai zazzaɓi wanda fatar idonsa ta kumbura, ko idon ya turo waje. Wannan alama ce cuta ta shiga kwarmin ido. A kawo su asibiti a ranar, ko da dare ne.

Ana iya raba ƙasa da amosanin ido. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar Gana ta shawo kansa. Mu ma za mu iya, in kowace uwa ta tsare fuskar ɗanta. Yau da kuka zo awo, ku ce wa malama ta duba idon yaronku.